Miƙa ragamar zumuntar ɗalibai: yaushe, kuma ga wa?

Saratu: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau zumuntar ɗalibai Kirista a manyan makarantu muka sa a gaba. Malam Bitrus, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS ta faro daga Gindiri a jihar Filato tun 1957, takwararta NIFES kuma 1968, amma har gobe sauyin shugabanni na ba da wuya. Ina gizo ke saƙar?

Bitrus: Taro ne da jama'arsa ke juyewa kaf duk shekara huɗu, Malama Saratu. Babban kuskure shi ne ɗora ɗan ajin ƙarshe. Zango na biyu na kamawa furojet ya sha masa kai, taron shugabanni ya mutu, ya tafi bai koya wa kowa komai ba.

Saratu: Ɗan aji uku ke nan?

Bitrus: Mai shirin shiga aji uku, amma a duba kwas ɗinsa tukuna. Wasu 'yan kimiyya kan fita SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu, wata shida cur, ba a jan zumunta ta waya. A zaɓe shi da sauran zango guda, ya zauna kusa da mai sauka, ya ga yadda ake neman ɗakin taro a ofishin harkokin ɗalibai, yadda ake gayyatar mai wa'azi. Tsarin 2 Timoti 2:2 ne, wato a danƙa wa amintattu abin da aka koya, su ma su koya wa wasu.

Saratu: Ni abin da ke damuna, idon jama'a kan mai zaƙin murya yake tafiya. Gara a leƙa ƙananan rukunin nazarin Littafi Mai Tsarki, mutum shida zuwa goma. Wa ke barin wasu su yi magana? Wa ke bin wanda ya yi fashi mako biyu har hostel? A kuma dubi sakamakonsa, don karatun ma kira ne. Mai ɗauke da kwas uku da ya faɗi, a bar shi ya yi karatu.

Bitrus: Sai kuɗi. Baiko mutum biyu ke ƙirgawa nan take, su sa hannu. Asusu da sunan zumunta, sa hannu biyu. Aka ajiye a asusun ma'aji, ranar da ya tafi bautar ƙasa sai an bi shi da roƙo.

Saratu: Idan yajin aiki ya faɗo fa? Na ASUU a 2022 wata takwas ya ci.

Bitrus: Shi ya sa a rubuta wa'adi da zangon karatu, kada a sa wata. Takardar rajista, jerin kayan kiɗa da littafin kuɗi kuwa, a ajiye kwafi wurin malamin da ke uban zumunta, tunda shi ba ya gamawa ya tafi.