Ranar da Sarkin Kano Ya Sallami 'Yan Mishan

Masu kallonmu, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu koma watan Afrilu na shekarar 1900, mu tsaya a bakin ganuwar Kano. Ga wani ayari nan ya iso, Turawan Ingila ne, sun taso tun daga Legas, sun shafe watanni a hanya. Babu soja a cikinsu. Jagoransu wani babban limamin coci ne, Bishop Herbert Tugwell, tare da shi kuma akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller, wanda daga baya Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila. Kafin ya zo sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawan da ke can ya koyi Hausa. Abin da ya kawo su shi ne su roƙi wurin zama a birni, su buɗe makaranta da ɗakin magani, su yi wa'azin Kiristanci.

Sarkin Kano Alu, wato Aliyu Babba, ya sa aka shigo da su fada. Zaman bai yi tsawo ba. Ya nuna musu ba ya bukatarsu, ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su koma inda suka fito. Suka juya Zazzau, suka yada zango a wani gari da ake kira Girku. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu.

To ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda wannan tafiya ta ɓata wa rai har da Gwamna Lugga, mutumin da wata uku kacal kafin nan, ranar 1 ga Janairun 1900, ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja. A ganinsa sun je sun zubar wa Bature mutunci a garin da bai riga ya ci da yaƙi ba. Mu dai mun taso muna jin cewa ɗan mishan da ɗan mulkin mallaka jirgi ɗaya ya kwaso su, ɗaya da littafi, ɗaya da bindiga. Akwai gaskiya a ciki. Amma a ƙasar Hausa tsakaninsu ya fi kama da zaman kishiyoyi: gida ɗaya, kowa da tukunyarsa, kowa na zargin ɗan'uwansa da ɓata masa girki.

Kwaɗayin 'yan mishan a kan Hausawa ya girmi mulkin mallaka. Tun 1841 wani Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS ta Ingila, James Schön, ya biyo jirgin ruwa ya hau kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanto daga jirgin bayi, wanda daga baya ya zama bishop. Schön ya ƙwallafa rai a kan Hausa. Da matafiyin nan Heinrich Barth ya koma Turai a 1855, ya tafi da wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu. Schön ya zaunar da yaron yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa da haruffan Turawa. Ka ga yaron da bauta ta raba da iyayensa, ga shi a Ingila cikin sanyi yana yi wa tsoho bitar Hausa. Yawancin abin da Turai ta fara karantawa na Hausar baka daga bakinsa ya fito.

Lissafin 'yan mishan shi ne, fataken Hausawa sun game ko'ina, daga Gwanja har Tarabulus. In aka samu Bahaushe, ai shi zai kai saƙon da ƙafarsa. Sai dai zazzaɓi ya yi ta cinye su. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga can ciki. Cikin shekara guda Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Ƙungiyar mishan da ya kafa ita ce SIM, uwar cocin ECWA ta yau.

Sai yaƙi ya zo. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'arsa, aka cim masa a Burmi a watan Yuli, ya rasu a fagen fama tare da ɗimbin mabiyansa. A Sakkwato, wajen naɗa sabon Sarkin Musulmi, Lugga ya yi jawabin da ya zama ƙashin bayan wannan labari namu. Ya ce ƙasa ta koma hannun Ingila, haraji da naɗin sarauta sai da yardar Gwamna, amma gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, kowa ya yi sallarsa yadda ya saba.

Ba don ƙaunar Musulunci ya yi wannan alkawari ba. Jami'ansa Turawa 'yan ƙalilan ne, ƙasar kuwa ta fi Ingila girma nesa ba kusa ba, kuɗin da London ke aiko masa kuma ba su taka kara sun karya ba. Dole ya yi mulki ta hannun sarakuna da alƙalai da hakimai. Sannan ga tsoron Mahadiyanci, domin kisan da mabiyan Mahadi suka yi wa Janar Gordon a Khartoum a 1885 bai bar zukatansu ba. Da mutanen Satiru suka tashi da sunan Mahadi a 1906 suka kashe jami'an Turawa a kusa da Sakkwato, aka je aka shafe garin baki ɗaya, sai razdan-razdan suka ƙara riƙe alkawarin nan da hannu biyu. Gwamnan da ya gaji Lugga, Percy Girouard, ya ma fi shi ƙyamar ganin ɗan mishan a cikin masarauta. Alkawarin da aka yi na cewa ba za a tsoma baki a addini ba, a aikace sai ya koma ba a yarda ɗan mishan ya zauna a garin Musulmi ba.

A ƙasar Hausa, mutum ɗaya ya sha da ƙyar, shi ne Likita Mila. A 1905 ya samu ya shiga cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya kafa gida da makaranta da ɗakin magani. Mutum ne mai kafiya. Hausarsa ta kai a ce shi ake nema in za a jarraba Turawan gwamnati, amma bakinsa ba ya shiru: yau ya kai ƙarar sarki, gobe ya kai ƙarar razdan, yana cewa an bar talaka a hannun masu zalunci da sunan girmama al'ada. A nan ni ina ganin adalci shi ne a faɗi biyun. Wasu koke-kokensa gaskiya ne. Amma shi ɗin ma yana cikin waɗanda suka yi murna da cin ƙasar da yaƙi, don yana zaton bindiga za ta buɗe masa ƙofar da Sarki Alu ya rufe.

Shekara da shekaru yana fama, waɗanda suka bi shi ba su da yawa. Sai wajen 1913 wasu baƙi suka zo masa. Su ne Isawa. Ana ba da labarin wani Malam Ibrahim da ya rayu a Kano a ƙarni na 19, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa, har aka kashe shi a kasuwa, almajiransa suka watsu wajen Ningi da kewaye. Zuriyar waɗannan almajirai ne suka nemi Mila. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya shiga ya yi musu mummunar ɓarna, yaransu suka dawo makarantar Zariya. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, bayan ganuwa. Daga wannan ɗan ƙaramin wuri aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A nan kuma Yakubu Gowon ya tashi.

To sauran 'yan mishan da aka hana shiga fa, ina suka nufa? Galibi wajen masu addinin gargajiya, inda gwamnati ba ta da sarkin da take tsoron ɓata wa rai. SIM ta fara daga Patigi a ƙasar Nupe, ta bazu zuwa kudancin Zazzau. Karl Kumm ya kawo ƙungiyar mishan ta SUM Wase a 1904, suka bi Filato da Binuwai. 'Yan cocin Brethren daga Amurka suka sauka Garkida a 1923. Da suka tarar da harsuna barkatai, kowane dutse da yarensa, sai suka ɗauki Hausa ta zama harshen wa'azi da na makaranta. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Mila na cikin manyan masu fassarar. Dubi yadda abin ya juya: an yi fassarar ne don Hausawa, amma waɗanda suka fi karanta ta Angas ne da Birom da Bajju da Tangale da Bura. Shi ya sa har gobe za ka shiga coci a Jos ko Kafanchan ko Biu ka ji ana addu'a da Hausa tsantsa, ka ga Zumuntar Mata da anko suna waƙa da tulu da kacau-kacau, ka ji sunaye irin su Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya.

Inda wannan shinge ya fi barin tabo shi ne ilimin boko. A kudu, makaranta 'yan mishan ne suka kawo ta, har Legas ta sami sakandare tun 1859. A masarautu kuwa an hana mishan, gwamnati kuma ba ta zuba kuɗin da zai cike gurbin ba. Makarantarta ta farko sai 1909, a Nasarawa ta Kano, aka tara 'ya'yan sarakuna da malamai. Wanda ya buɗe ta, Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, shi kansa da rigar mishan ya fara shigowa ƙasar kafin ya koma aikin gwamnati. Kwalejin Katsina ba ta zo ba sai farkon shekarun 1920, ita ma ɗalibai kaɗan take ɗauka. Iyaye suna gudun boko don suna ganin hanyar Nasara ce, gaskiya ne. Amma Turawan mulki ma ba su so a samu irin 'yan bokon Legas masu rubuta ƙorafi a jarida, don haka gudun ya yi musu daɗi.

A hayin Faransa labarin ya ɗan bambanta. Gwamnatinsu ta raba addini da mulki tun 1905, kuma ba ta sakin jiki da masu wa'azin da ke jin Ingilishi. Duk da haka SIM ta samu shiga Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan ta buɗe asibitin Galmi a 1950.

A Nijeriya ma ta hanyar magani ƙofar ta buɗe. A shekarun 1930 kuturta ta yi yawa, En'e ba ta da ma'aikatan da za su kula da masu ita, sai aka yi yarjejeniya da sarakuna aka miƙa wa SIM wuraren jinyar kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano. Shekara 43 ke nan bayan Sarki Alu ya sallami ayarin Tugwell, kuma asibitin yana nan a Sabon Gari, bayan ganuwa, inda har yau za ka ga tsofaffi daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Damagaram sun yi sammako, jika na riƙe da sandar kaka, suna jiran a kira su a cire musu yanar ido.