Yadda na mayar da muryar Baba kan bakinsa a faifan bikin Yaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Manchesta nake magana, ruwa ake tun asuba, na ce bari in nuna muku aikin da ya ci min kwana uku.

Kun ga wannan faifan? Na bikin Yayata ne da aka yi a gidanmu na Tudun Wada a Kaduna, lokacin ina sakandare. Inna ce ta zaƙulo shi daga ƙasan akwati ta ba wani ɗan unguwarmu da zai taho, ta ce in sa mata shi a waya, don DVD ɗin gidan ta daɗe da lalacewa. A ciki akwai wurin da Baba, Allah ya jiƙansa, yake yi wa amarya addu'a kafin a fita da ita. Duk duniya ba mu da muryarsa sai a nan.

Na juya shi zuwa MP4, na kunna. Farko lafiya lau. Da aka zo kan Baba sai na ga ya riga ya shafa addu'a ya sauke hannu, muryarsa kuwa tana can baya tana "Allah ya ba da zaman lafiya". Wallahi ban iya ƙarasa kallo ba. Ba zan tura wa Inna mijinta a haka ba.

Laifin farko nawa ne. In kun buɗe faifan DVD a kwamfuta za ku ga folda mai suna VIDEO_TS, cikinta akwai fayilolin VOB, kowanne bai wuce gigabait 1 ba. Sai na juya su ɗaya bayan ɗaya na haɗe. Ashe bidiyo guda ne aka yanyanka saboda girma, yankan kuma yakan faɗa ko a tsakiyar kalma. Ƙananan fayilolin IFO da na raina su ne ke riƙe da tsarin yadda guntayen ke bin juna. Ku nemi manhajar MakeMKV ta karanta faifan gaba ɗaya, za ta fitar da fayil ɗin MKV guda ba tare da ta taɓa ingancin hoto ko sauti ba.

Kafin ku gyara komai, ku fara gano irin ciwon. Ku kunna ainihin faifan a VLC, manhajar kallon bidiyo. In yana tafiya daidai, to wajen juyawa aka samu matsala. Sannan ku nemi sauti mai kaifi wanda ido ke ganin tushensa. Ni mai kalangu ne ya cece ni, don ana ganin lokacin da sandarsa ke sauka kan fata. Tafi ma yana yi, ko rufe ƙofar mota. Ku duba a farkon bidiyo, da tsakiya, da ƙarshe. A VLC ta Windows, maɓallin J da K suna ja da sauti gaba ko baya da milisakan 50 a kowane dannawa. Ku yi ta dannawa har sanda da ƙara su haɗu, ku rubuta lambar. Don Allah ku cire abin kunne na Bluetooth kafin nan, shi kansa yana jinkirta sauti, zai sa ku gyara abin da bai ɓaci ba.

In lambar ɗaya ce a duk wuraren uku, kun huta. Manhajar MKVToolNix, mai sarrafa fayilolin MKV, na da gurbin da ake rubuta jinkirin sauti, ku sa lambar. In sautin ne a baya, ku sa mata alamar ragi a gaba.

In kuwa tazarar ƙaruwa take yi a hankali, yawanci saurin hoto aka taɓa. Najeriya tsarin PAL muke bi, hotuna 25 a sakan ɗaya, Amurka kuma NTSC, 29.97. Aka tilasta wa bidiyonmu tafiya a kan 23.976 irin na finafinai aka bar sautin yadda yake, cikin awa ɗaya tazarar ta kai kusan minti biyu da rabi. A HandBrake, manhajar juya bidiyo, ku bar saurin hoton a kan na asali, sautin ma ku bar shi a ma'aunin 48000 Hz da DVD ke zuwa da shi.

Nawa ciwon iri na uku ne, wanda ya fi wahala. Farko babu tazara, bayan kamu ta yi tsalle, wajen kai amarya ta sake tsalle. Masu ɗaukar biki na wancan zamani da kaset suke ɗauka, su dawo shago su zuba a na'urar naɗar DVD. Inda aka tsaya aka ci gaba, alamomin lokacin da ke ɗaure hoto da sauti sukan tsinke. Na'urar kallo tana tsallake wurin ba tare da ka sani ba, amma wasu manhajojin juyawa sai su jera sautin kawai su manta da giɓin. Da manhajar ffmpeg, wadda ake rubuta wa umarni, na magance shi, na ƙara masa wannan umarnin da kuke gani a allo, -af aresample=async=1, wanda ke cike giɓi da shiru ko ya datse rarar sauti bisa alamomin lokacin. Da na sake aunawa saura milisakan 200 daga farko har ƙarshe, na cire su a MKVToolNix.

In za a ɗan kuskure, gara sauti ya makara kaɗan da ya riga baki. Mun saba ganin abu daga nesa kafin ƙararsa ta iso, amma murya kafin motsin leɓe tana damun ido nan take.

Ga shi nan, ku kalli bakin Baba. "Allah ya ba da zaman lafiya", sannan hannu ya hau fuska. Na ajiye MKV na asali a wuri biyu, na yanko wurin addu'ar na tura wa Yaya ta WhatsApp a matsayin fayil don kada a matse shi. Ta kai wa Inna bayan la'asar. Saƙon muryar da Inna ta aiko gajere ne, ta ce, "Auta, Allah ya yi maka albarka," ta ɗan yi shiru, sannan ta ce akwai faifan saukar Alƙur'aninmu a akwatin, da wa za ta aiko?