Me Ya Sa Manyan Ƙungiyoyin Ƙwallo Ke Durƙushewa Bayan Sun Yi Tashe?

A watan Agustan 2020, a birnin Lisbon, Bayern Munich ta lallasa Barcelona da ci 8 da 2. Shekara 5 kacal kafin nan, Barcelonar ce ta ɗaga kofin Zakarun Turai. To me ya faru a tsakani?

Ɓarnar takan fara ne tun ana cikin cin kofi, kamar gara da ke cin azara ta ciki. 'Yan wasan da suka tashi tare, tare suke tsufa. Kuma wane koci ne zai iya ajiye gwarzon da magoya baya ke rera sunansa a benci? Sai a sabunta masa kwantiragi, a ƙara masa albashi, alhali ƙafa ta fara nauyi. Ku dubi Sifaniya: ta ci kofin Turai a 2008, na duniya a 2010, ta sake cin na Turai a 2012. Ta je Brazil a 2014 da yawancin mutanen nan, Holan ta zura mata 5, ta koma gida tun a matakin rukuni.

Abokan hamayya kuma ba barci suke yi ba. Salon da ya rikita kowa bara, bana an zauna an kalli bidiyonsa an samo maganinsa.

Amma a ganina, abin da ya fi kashe ƙungiya shi ne cefanen firgici. Da PSG ta Faransa ta biya Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona a 2017, shugabannin Barcelona sun ruɗe. Suka sayo Dembélé, Coutinho da Griezmann, kowannensu sama da miliyan 100, ba tare da tunanin inda za su dace a fili ba. Abin takaici, Coutinhon da suka ba Bayern aro shi ya ci su ƙwallo 2 a daren Lisbon. Zuwa 2021 bashi ya haura Yuro biliyan 1, har riƙe Messi ya gagara, ya tafi yana hawaye.

Alex Ferguson, tsohon kocin Manchester United, ya daɗe yana kauce wa wannan tarko, domin ba ya jin nauyin sallamar kowa. A 1995 ya rabu da Ince, Hughes da Kanchelskis, ya ɗora yara irin su Beckham da Scholes, suka ci Firimiya a kakar da ta biyo. Sai dai kusan komai na Manchester United a hannunsa yake. Da ya yi ritaya a 2013, ya bar ƙungiya tana riƙe da kofi, amma Ferdinand, Vidić da Evra duk sun haura shekara 30. Kaka ɗaya bayan nan United ta ƙare a ta 7, kuma an sallami David Moyes, kocin da ya gaji Ferguson, tun kafin a kammala gasar.