Sharhi: A Tura Nas-Nas Karatun Sarrafa Bayanan Lafiya

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Makon jiya na kwana jinyar goggona a wani asibiti a nan Jos. Wajen ƙarfe biyun dare, sanyi na ratsa ƙashi, nas ɗin da ke aikin dare ta auna zafin jikin Goggo, ta rubuta a takardar da ke rataye a ƙafar gado, ta sake rubutawa a fayil, sannan ta koma tebur ta jawo wata ƙatuwar rajista ta rubuta karo na uku. Ga kwamfuta a gefe an lulluɓe ta da zane. Na ce mata, Sista, ita wannan fa? Ta ce wanda ya tsara manhajar bai taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ba, domin kafin ta cike gurabun mutum ɗaya, ruwan da aka ɗaura wa mutum uku ya ƙare.

Wannan matsala akwai karatun da aka yi dominta. Nas ce da ta riga ta goge a bakin gado take komawa jami'a ta yi babbar difloma ko digiri na biyu a kan sarrafa bayanan lafiya. Tana koyon yadda ake tsara fayil ɗin majinyaci a kwamfuta, yadda za a daidaita sunayen cututtuka kada kowane asibiti ya riƙa rubuta nasa, da yadda na'ura za ta yi gargaɗi idan aka rubuta wa mutum maganin da jikinsa ba ya karɓa. A Amurka, tun 1992 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa.

Mu ma ai muna cikin ruwan tsundum. Alƙaluman asibitocinmu na wata-wata ana ɗora su ne a DHIS2, manhajar da ta samo asali a Jami'ar Oslo, su tafi har Abuja. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, kuma tana bibiyar annoba da manhajar SORMAS, wadda aka ƙirƙiro bayan Ebola ta 2014. To wa ya fara rubuta lambar da ke hawa can? Nas ce, da birorinta, da gajiyarta. In ta kuskure, da kuskuren za a ƙiyasta allurar rigakafin da za a aiko ƙaramar hukumarmu. Mu mutanen Jos mun san darajar gane cuta da wuri: zazzaɓin Lassa a jikin nas-nas na mishan aka fara gano shi a 1969, kuma a garin nan aka yi jinyarsu.

Ga kuma sirri. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi bayanan lafiya, amma har yanzu akan ɗauki hoton sakamakon gwaji a tura ta WhatsApp. Wanda ya san nauyin amanar majinyaci shi ya fi dacewa ya tsara wa zai buɗe fayil, wa ba zai buɗe ba.

Kirana ga Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma da jami'o'inmu ne. Yadda nas ke zuwa ƙarin karatu a kan tiyata ko ido ko sa barci, haka wannan ma ya kamata a buɗe masa ƙofa sosai. Jami'ar Jos tana koyar da aikin jinya, tana koyar da ilimin kwamfuta, ga asibitin koyarwa a Lamingo. Kayan haɗi duk suna hannu. A shirya darasin yadda mai iyali da aikin dare za ta iya bi, a ba ta hutun karatu da albashinta.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan ta dawo. In aka mayar da ita kan kujerarta ta da, babu muƙami, babu ƙarin girma, ba a kiranta ranar da ake zaɓen manhaja, to za ta tafi aiki Ingila, su ci moriyar karatun. A tanadi gurbin a tsarin aikin gwamnati tun kafin rukunin farko su kammala.