Amsoshin Tambayoyinku: Shin da Hannun Ɗan Adam a Sauyin Yanayi?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Birnin Kebbi. Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk a kan sauyin yanayi suke, shi ya sa muka gayyato wani malamin jami'a masanin yanayi da aikin gona, tare da limamin wani masallacin Juma'a, domin su taya mu amsawa.

Wata ɗaliba daga Zuru tana tambaya ko ruwan da ya yi yawa a damina guda ya isa a kira shi sauyin yanayi. Amsa ita ce bai isa ba, domin masana sukan tattara lissafin ruwa da zafi na kimanin shekara 30 kafin su ce yanayin wuri ya sauya.

Wani ɗan kasuwa daga Kamba ya ce a garinsu ana raɗe-raɗin cewa dogayen ƙarafunan kamfanonin waya ne ke kore hadari. Alhaji, ƙarfen nan da ka aiko mana da saƙonka ta kansa ba ya kore hadari, kuma muna roƙon ka isar da wannan amsa ga majalisarku ta bakin kasuwa.

Yanzu ga tambayar da ta fi yawa, wadda ta zo daga Suru da Bagudo da Augie da Yauri. Zan karanta ta wani dattijo manomin shinkafa daga Suru. Ya ce: “Mun tashi mun san ruwa na Allah ne, fari ma na Allah ne. Ta yaya za a ce mana hayaƙin mota da na masana'anta ne ya cinye mana gonaki? Anya wannan magana ba ta taɓa imanin mutum ba?” Bari in maimaita saboda waɗanda suka kunna rediyo yanzu: Baba yana tambaya ko wanda ya yarda cewa akwai hannun ɗan Adam a sauyin yanayi ya yi jayayya da ƙaddara. Dakta, bismilla.

Dakta: Na gode. Ai duk wanda ya manyanta a ƙasar nan yana tuna farin 1973, da wanda ya biyo baya a 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane suka yi ta kwararowa daga arewa. Saboda haka fari ba baƙo ba ne a Sahel, ambaliya ma haka, domin fadamun Gulbin Rima da na Kwara da ambaliyar suke rayuwa, ita ce take kawo musu laka mai albarka. Idan muka koma tarihin madatsar Kainji da aka kammala a 1968, za mu ga yadda ta tashi garuruwa a ƙasar Yauri, ta kuma sauya lokacin hawa da saukar ruwa, wanda shi kansa darasi ne mai tsawo…

Mai gabatarwa: Dakta, a gafarce ni, Kainji za ta cinye mana filin. Baba yana son ya ji ina hayaƙi ya haɗu da gonarsa.

Dakta: To, ga inda suka haɗu. Duk lokacin da aka ƙona fetur ko kwal ko gas, ana sakin iskar kabon, ita kuma tana taruwa a sama tana riƙe zafin da ya kamata ya fice, kamar yadda mota take yin zafi idan aka rufe gilasanta aka bar ta a rana. Kafin zamanin masana'antu, wannan iska kashi 280 ce cikin miliyan ɗaya na iskar duniya, yau kuwa ta haura 420. A sakamakon haka duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri ɗaya, kuma a 2024 an ga zafin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ajiye lissafi. Abin da ya shafi manomi shi ne, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa ruwan da a da yake sauka a hankali cikin makonni, yanzu yakan zubo a dare ɗaya ko biyu, sannan a yi ta jiran wani har shuka ta fara yaushi. A 2020 kowa a jihar nan ya ga shinkafar da ta kusa isa yanka ta nutse a fadama, a 2022 kuma ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya. Ban ce hayaƙi kaɗai ne ya jawo ba, domin akwai sakin ruwan madatsu, akwai gini a kan hanyar ruwa, akwai sare itatuwan bakin gulbi, amma zafin yana ƙara wa duk waɗannan ƙarfi.

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, ɓangaren imani naka ne.

Liman: Baba ya yi gaskiya da ya ce ruwa na Allah ne, kuma babu Musulmin da zai yi musun haka. Sai dai Allah da ya ƙaddara abu, shi ne ya sanya masa sababi. A cikin Suratur Rum, aya ta 41, Allah ya gaya mana cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Lokacin da Sayyidina Umar ya fasa shiga ƙasar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Don haka wanda ya ce zafin nan yana da sababi daga ayyukan mutane bai taɓa imaninsa ba. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda aka yi wa gargaɗi ya ƙi tashi, ruwa ya tafi da yaransa, sannan ya jingina sakacinsa ga ƙaddara.

Mai gabatarwa: Baba na Suru, ka ji: imaninka yana nan daram, kuma yarda da sababi ba ta rage shi ba. Ni kuma zan ƙara da nawa ra'ayin. Ban yarda cewa manomanmu ba su san yanayi ya sauya ba, domin su ne suke yin shuka sau biyu a damina ɗaya, su ne suka fi kowa sanin cewa ruwan farkon damina ya daina zama abin dogaro. Abin da ke hana su motsawa shi ne rashin wurin zuwa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna ma tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, amma idan aka ce wa mutum ya bar fadamar da ya gada, ba a nuna masa tudun da zai noma ba, ga bashin taki a wuyansa, to zai zauna ne ya yi addu'a. Akwai irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017, waɗanda suke jure kwanaki a ƙarƙashin ruwa, amma manoma nawa ne aka kai wa shi har ƙauyensu kafin lokacin shuka? Wannan tambaya ce ga malaman gona da shugabannin ƙananan hukumomi, kuma ƙofar filin nan a buɗe take gare su.

Wata uwargida daga Jega ta rubuto da ɗan zafi. Ta ce kullum ana gaya musu su daina girki da itace da gawayi, alhali gas ya fi ƙarfin aljihun maigida, kananzir kuma ba a maganarsa. Tana tambaya da me ake so ta dafa wa yara tuwo. Dakta?

Dakta: Gaskiya Hajiya tana da hujja. Amma ina so mutane su dubi maƙwabtanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, inda tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran, kuma da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a miliyoyin hekta ba tare da dashe ba. Gawo musamman, yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi abinci. Wannan ya fi dashen da ake yi a ranar biki, a ɗauki hoto, a bar wa awaki.

Mai gabatarwa: Dakta, Hajiya ta ɗora tukunya tana jiranmu, kai kuma ka tafi Maraɗi. Amsar da zan ba ta ita ce, babu mai hankalin da zai ɗora mata laifi. Abin da ke hannunta shi ne murhu mai tattalin itace, wanda ake ginawa da laka ko a ƙera da ƙarfe, yana killace wutar a ƙarƙashin tukunya maimakon ta watse ta tsakanin duwatsu uku, kuma yana rage hayaƙin da ke cutar da idonta da ƙirjin yaron da ke bayanta. Rassan da Dakta ya ce ana sassabewa kuwa, su ne itacen girkin. Masu kwasar gawayi tirela-tirela suna fita da shi, su ne ya kamata hukuma ta tsare.

Tambaya ta ƙarshe daga wani matashi ne a Argungu, wanda ya ce tun da ƙasashe masu arziki ne suka ɓata duniya, me zai sa mu wahalar da kanmu. Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, kuma dala biliyan 100 da manyan ƙasashe suka yi alkawari a 2009 cewa za su riƙa bayarwa duk shekara daga 2020 ba ta cika a kan lokaci ba. Sai a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Masar a 2022 aka amince da kafa asusun biyan asarar da ƙasashe irin namu suke yi. Najeriya ma ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, Kebbi kuma tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa mai yaƙi da kwararowar hamada, kuma haƙƙinka ne ka tambayi wakilinka abin da ya iso mazaɓarku. Amma magudanar ruwan da ta toshe da leda a unguwarku ba Amurka ko Sin ce za ta yashe ta ba, kai da abokanka ne, kuma kafin ruwa ya sauka.

Lokaci ya ƙure mana. Tambayoyin masunta daga Yauri a kan raguwar kifi, da ta manomin Bunza a kan injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, su ne za mu fara da su a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Dakta, Malam, mun gode. Wassalamu alaikum.