Lacca Kan Zawo da Kumburin Ciki a Jikin Ɗan Barewa Maraya

Assalamu alaikum jama'a. Masu renon namun daji a Amurka kan sha fama da 'ya'yan barewar nan mai farar wutsiya, kuma darasinsu ya shafi duk wanda aka kawo wa ɗan gada ko ɗan barewa daga daji. Ku fara tabbatar da cewa maraya ne, domin uwa takan ɓoye ɗanta cikin ciyawa ta yini tana kiwo.

Galibin zawon nan daga hannun mai shayarwa yake fitowa. Nonon barewa ya fi na saniya maiƙo da kauri, shi ya sa madarar shanu ke ɓata masa ciki. Nonon akuya ya fi dacewa. Ɗan da ya kai kilo 3, kada abin da zai sha a yini ya wuce mililita 450 zuwa 600, a raba sau huɗu ko biyar, da ɗumi kamar digiri 38 a ma'aunin Celsius. Zai yi ta kuka yana neman ƙari, kada tausayi ya ja ku.

Cikinsa kashi huɗu ne kamar na akuya, amma tumbin, wato kashi na farko, bai fara aiki ba tukuna. Idan yana tsotso a tsaye, wuya a miƙe, akwai wata 'yar hanya da ke kai madara kai-tsaye zuwa kashi na huɗu. In kuwa aka kwantar da shi rigingine, ko ramin kan bulumboti ya yi faɗi, madarar sai ta faɗa tumbi ta yi tsami, ciki ya kumbura ta hagu kamar ganga. Wanda jikinsa ya yi sanyi kuma, a ɗumama shi kafin a ba shi komai.

Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe su. Ku mintsini fatar wuya: in ta tsaya ba ta koma ba, ido ya zurma, dasashi ya bushe, abin ya yi nisa, sai likitan dabbobi ya yi masa ƙarin ruwa. In da sauran ƙarfi, a ba shi ruwan gishirin da ake haɗa wa maruƙa, da tazarar awa biyu tsakaninsa da madara. Sukarin shayi dai a'a! Hanjin jaririn dabba mai tuƙa ba ya narkar da shi, ƙara zawon yake yi; gulukos ake sawa. Kada kuma a yanke madara fiye da awa 24.

Yawan kwanakinsa kan nuna mai laifi, wato ƙwayar cutar da ta jawo zawon. E. coli a kwanakin farko, musamman ga wanda bai sha dakashi ba. Kiriftosforidiyam daga mako ɗaya zuwa uku, kuma yana kama mutum, don haka a wanke hannu. Koksidiya bayan mako uku, sau da yawa da jini a kashi. A kai kashin a duba kafin a taɓa magani. Bayan kowace shayarwa a shafa masa ƙasan wutsiya da tsumma mai ɗumi, kamar yadda uwa ke lasarsa, har ya yi kashi, a kuma tafasa bulumbotin.