Ƙafar da Jini Bai Isa Ba da Ƙafar da Jini Ya Kwanta

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani likitan tiyata ya gabatar a taron wayar da kan jama'a. An rage maimaici da doguwar gaisuwar farko.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu maza, iyayenmu mata, malamai, da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya da na hango can baya, barkanku da zuwa. Shugaban taro ya riga ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur, na kuma gane abin da yake nufi.

An ce in yi magana kan cututtukan jijiyoyin jini. Fagen yana da faɗi, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsa, amma ni a ƙafa zan tsaya, domin ita aka fi kawo mana a makare, kuma ita aka fi yi wa ta'asa a gida kafin a kawo ta.

Hanyar jini biyu ce. Akwai jijiyoyin da ke ɗauko shi daga zuciya su kai wa gaɓoɓi, su ne kuke ji suna harbawa idan kun dafa wuyan hannu. Akwai kuma masu mayar da shi zuciya, waɗanda ake ɗibar jini daga cikinsu a asibiti. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini ta huhu yake bi daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu, sannan William Harvey na Ingila ya fito da cikakken zagayen a 1628. Duk wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ya san abin da zan faɗa: gonar da ruwa bai iso ba ƙonewa take yi, wadda ruwa ya shiga ya rasa mafita kuma ruɓewa take yi. Duka biyun asara ce, amma wanda ya yi wa ɗaya maganin ɗayar ya ƙarasa ta.

Mu fara da wadda jini bai isa ba.

Dattijo ne zai zo, shekara sittin da wani abu, yana da suga ko hawan jini, ko ya daɗe yana shan taba. Zai ce: "Likita, da daga gida har masallacin Juma'a ba na tsayawa. Yanzu in na kai wajen mai shayi sai sharaɓata ta ƙulle, sai na tsaya kamar ina gaisawa da mutane, in ta saki in ci gaba." Ku lura, ba sai ya zauna ba, tsayuwa kawai ta minti biyu ko uku ta isa. Kuma kullum kusan a wuri ɗaya take kama shi. Wannan ba sanyi ba ne, ba kuma tsufa ba. Kitse ne ya taru a bangon jijiya ya rage mata faɗi. Jinin da ke wucewa ya ishi tsoka in tana hutawa, amma da ta fara aiki sai ya gaza. Wani babban ƙiyasi ya nuna a shekarar 2010 mutum sama da miliyan 200 ne ke da wannan cuta a duniya, kuma mafi yawansu ba a ƙasashen masu kuɗi suke ba.

In aka bar ta, tafiyar sai ta riƙa gajarta. Daga nan ciwon ya koma na dare, a yatsu, mutum na kwance yana jin kamar ana gasa su. Abin da zai gano da kansa shi ne, in ya sauko da ƙafar daga gado ta yi lilo, yana samun sauƙi. Wasu ma a kujera suke kwana. Duk wanda ya kai nan, ƙafarsa tana cikin haɗari, kada a jira sati.

To yaya muke ganewa? Kafin kowace na'ura, hannu ne. Littattafan da muka karanta sun ce ƙafar za ta yi fari fat, amma a fatarmu wannan ba ya fitowa sosai, sai dai a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Saboda haka nakan sa bayan hannuna in shafa daga gwiwa zuwa yatsu, dama da hagu, in ji inda ɗumi ya yanke. Sai in nemi bugun jini a wuri biyu: a bayan ƙafa, sama da tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da kuma bayan ƙashin idon sawu ta ciki. 'Yan'uwana na ƙananan asibitoci, don Allah, mai suga in ya zo ku sa ya cire takalmi. Minti ɗaya ne. Mukan auna masa suga mu rubuta magani mu sallame shi, ƙafar da za a yanke bayan wata shida tana cikin safa ba wanda ya kalle ta.

Bayan hannu sai awo. Muna auna ƙarfin jini a dantse kamar yadda kuka saba gani, mu kuma auna a idon sawu da wata 'yar na'ura mai jiyo motsin jini, sai mu raba na ƙafa da na hannu. Ga mai lafiya amsar 1 ce ko sama da haka kaɗan. In ta faɗo 0.9 ko ƙasa, akwai toshewa. Misali hannu 150, ƙafa 90, ka ga 0.6 ke nan. Masu suga da masu ciwon ƙoda sukan yaudare mu, jijiyarsu takan ƙandare har awon ya haura 1.4, a ɗauka lafiya ce alhali ba ita ba ce. A irin wannan a babban yatsa ake aunawa. Daga nan sai sikanin, ya nuna inda toshewar take da tsawonta. Hoton da ake zuba ruwan rini a jijiya kuwa sai an yanke shawarar yin aiki.

Maganin farko ba ya yi wa mutane daɗin ji. A bar taba gaba ɗaya, har shisha. A riƙe suga da hawan jini. A sha maganin rage kitsen jini, irin wanda ake rubuta atorvastatin a kwalinsa, da asfirin ƙarami ko makamancinsa, ba don ƙafa kaɗai ba. Wanda jijiyar ƙafarsa ta toshe, ta zuciyarsa da ta wuyansa ma ba su tsira ba, kuma abin da ya fi kashe irin waɗannan marasa lafiya shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sannan tafiya. Na san abin da mamaki a ce wa mai ciwon tafiya ya yi tafiya. Ka taka har ciwon ya kama, ka tsaya ya saki, ka sake takawa, aƙalla rabin awa, sau uku a mako, har wata uku. Yawancin waɗanda suka dage nisan da suke kaiwa yana ƙaruwa sosai. Amma wannan na mai ciwon tafiya ne, ban da mai gyambo ko mai ciwon dare.

Shi wannan buɗe masa hanya ake yi. A watan Janairun 1964, a jihar Oregon ta Amurka, aka kawo wa wani likita mai suna Charles Dotter tsohuwa 'yar shekara 82, yatsunta sun fara ruɓewa, ta ce ita ba za a yanke mata ƙafa ba. Ya zura siririn bututu ta cikin jijiyar cinyarta ya faɗaɗa inda ta tsuke, ƙafar ta tsira. Daga nan aikin da ake yi yau, na hura ɗan balan-balan a cikin jijiya don a faɗaɗa ta, ya samo asali, wani lokaci a bar 'yar ragar ƙarfe a ciki don kada wurin ya sake rufewa. In toshewar ta yi tsawo, sai mu ciro wata doguwar jijiya mai mayar da jini daga ƙafar mutumin, mu ɗinka ta sama da ƙasa da toshewar, jini ya kewaye. Ayyukan nan suna da tsada, masu yin su kuma ba su da yawa a ƙasar nan, shi ya sa nake ta nanata cire takalmi.

Akwai ta gaggawa. Mutum na zaune ƙalau, farat ɗaya ƙafa ko hannu ya ɗauki azaba, ya yi sanyi ƙarara, ya fara mutuwa. Galibi gudan jini ne ya ɓalle daga zuciya mai bugun da ba daidai ba ya zo ya toshe hanya. Kusan awa shida ake da ita kafin tsoka ta fara mutuwar da ba ta dawowa. A nan ne ake ɓata dare ana cewa jifa ce ko ya taka wani abu. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota. Haka yaron da aka kai wa mai ɗori aka ɗaure tamau: in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, yaro na ihu fiye da lokacin da ya karye, a kwance ɗaurin nan take a taho asibiti. Na ga hannuwan yara da karaya ba ta ci ba, ɗauri ya ci.

Yanzu ɗaya ƙafar, wadda jini ya kwanta.

Wannan da ɗumi take, ta kumbura, ta yi nauyi, kuma yawanci ƙafa ɗaya ce. Jini ne ya daskare a jijiyar can ciki. Abubuwa uku ke jawo shi, ana danganta bayaninsu ga Rudolf Virchow na Jamus: jini ya daina gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Wanda ya kwanta jinya, wanda aka yi wa tiyata, mai ciwon daji, wanda ya zauna a motar Kano zuwa Legas ƙafa a lanƙwashe, alhajin da ya yi awa huɗu ko fiye a jirgi bai motsa ba. Sai kuma mai ciki, da musamman mai jego. Makonni shida na farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari, wato kwana arba'in ɗin nan da muke cewa ta zauna ta huta. Iyayena mata, ta huta da aiki, amma ta riƙa zagaya tsakar gida.

Ku ɗauko tef ɗin tela ku auna kaurin sharaɓa biyu a daidai wuri ɗaya. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin dubawa ne, sikanin ne kuma zai tabbatar. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne tausa. Gudan nan yana iya ɓallewa ya tafi huhu, sai a ga mace tana haki, ƙirji na suka, wani lokaci ta yanke jiki ta faɗi. Maganinsa masu tsinka jini ne, aƙalla wata uku: allurar hefarin, ko wafarin, ko sababbin ƙwayoyi irin su rivaroxaban. Wafarin, in ba ku sani ba, maganin ɓera aka fara sayar da shi a 1948 kafin a amince da shi ga mutane a 1954, shi ya sa mai shan sa dole a riƙa gwada jininsa. Mai ciki ba ta shan sa, allura ake ba ta.

Jijiyoyin da ke fitowa ruɗu-ruɗu a ƙafar masu dogon tsayuwa, 'yan ƙofofin cikinsu ne da ke hana jini komawa ƙasa suka saki. Yawanci safa mai matsewa da ɗaga ƙafa sun isa. In an daɗe fatar saman idon sawu takan yi baƙi ta fashe ta zama gyambon da ake kira daji, alhali ba daji ba ne. Naɗin bandeji mai ƙarfi ke warkar da shi. Amma ba a naɗawa sai an yi awon nan na ƙafa da hannu, domin bandejin da ke warkar da wannan ƙafa shi zai kashe wadda jini bai isa ba.

Lokaci ya tafi. A ba da tambaya biyu.

Wata hajiya ta tambaya ko mai suga zai iya gasa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi lokacin hunturu.

Hajiya, a'a. Suga yana kashe jin ƙafa, za ta ƙone ba ki sani ba. Ki sa safa. Ruwan alwala ma ki gwada shi da gwiwar hannu tukuna. Kuma tunda sau biyar kike wanke ƙafar nan, ki duba tsakanin yatsu da dunduniya, ki tsane su da kyau. Ko tsakar gida kada ki taka ba takalmi.

Wani dattijo ya ce shi yana yin ƙaho duk shekara, yanzu kuma an ɗora shi kan wafarin.

Baba, muddin kana kan maganin nan a dakata da ƙaho da tsaga, domin jinin ba zai tsaya da wuri ba, kuma ka gaya wa wanzaminka ya yi hattara ko a wajen aski. Kada ka sayi maganin ciwon jiki a kemis ka haɗa ba tare da likitanka ya sani ba, wasunsu suna sa ciki ya yi jini. Zogale da alayyahu kuwa ba a hana ka ba, sai dai suna rage ƙarfin wafarin, don haka ka riƙa ci daidai yadda ka saba, kada wannan makon ka cika kwano, mako mai zuwa ka bari. In ka ga bahaya ta yi baƙi ko dasashi na jini ba dalili, ranar nan za ka koma asibiti, ba ranar da aka rubuta maka a kati ba.